Tukunyar da Kalman Ke Ɗorawa Ranar Asabar

A ƙauyukan da ke jere a bakin kogin Tisa, idan aka tashi sa ranar aure, kafin a je wajen limamin coci sai an fara biyawa ta gidan Etelka. Ita ce za ta ce Asabar kaza tana da hali, Asabar kaza kuma an riga ku. Akwai waɗanda suka ɗaga bikinsu har wata biyu don kawai ita ta tsaya musu a kan tukunya, kuma ba wanda ya ga wautarsu.

Gajeriyar mace ce mai kaurin damtse, hannayenta duk tabon ƙuna. Shekara arba'in da ɗaya ta yi tana wannan aiki. Ranar Laraba take sauka a gidan biki da wuƙaƙenta naɗe a cikin tsumma. Alhamis ta tara matan unguwa su murza taliyar ƙwai, tana zagayawa a bayansu tana cewa wannan ta yi kauri, waccan a sake. Juma'a a yanka aladu da kaji. Asabar kuwa tun da sassafe manyan tukwane biyar ko shida na kan wuta a tsakar gida, tana tsakiyarsu tana ba da umarni, har uban amarya sai ya nemi izini kafin ya gifta ta wajen. Ba ta taɓa auna komai ba. Tambaya ɗaya take yi: "Mutum ɗari biyu da hamsin, na ji. A cikinsu direbobin tarakta nawa ne?" Daga amsar take sanin yawan naman. Sai wayewar garin Lahadi take komawa gida, ƙafafu a kumbure, da ƙullin ragowar abincin biki a hannu biyu.

Ta bar aikin ne lokacin da gwiwoyinta suka fara gardama, matasa kuma suka koma yin biki a otal-otal na birni, inda ake kawo maka nama kamar kunnen ɓera a tsakiyar faffaɗan faranti. Sau ɗaya ta je irin wannan biki. Da ta dawo aka tambaye ta, ta ce amaryar dai kyakkyawa ce. Ba ta ƙara komai ba, kowa kuma ya gane.

Mijinta Kalman ma'aikacin lantarki ne a ƙungiyar manoma har ya yi ritaya. Dogo ne, siriri, mara yawan magana. A ƙauyen ana ce masa mijin Etelka, yana kuma amsawa ba tare da ɓata rai ba. 'Ya'yansu biyu sun girma sun tafi: Tibor yana aikin gini a Ostiriya, Hajnalka tana koyarwa a birnin Seged.

A watan Maris ɗin da ya cika saba'in da huɗu, Kalman ya faɗi a lambu yana gyaran kurangar inabi. Shanyewar ɓarin jiki ce. Ya yi sati uku a asibiti, ya fito hannun dama da ƙafar dama ba sa motsi, bakinsa ya karkace, kalmomin da suka rage masa ba su fi ashirin ba. Ya rame ƙwarai. Ranar sallama Etelka ta dubi likitan, wanda ta tabbata ita ta yi girkin bikin iyayensa, ta ce, "Ku dai ku ba ni shi. Ruwan zafin nan da kuke kira miya ne ya mayar da shi haka. Nan da sati biyu ba za ku gane shi ba."

Ta kuwa zage damtse. Tun asuba take kunna murhu. Miyar kaza mai siririyar taliya, kabeji mai cushe da nama, ƙafar alade da wake, soyayyiyar hanta da albasa, duk abin da aka taɓa yabonta a kai sai da ta yi. Matsalar ita ce hannun Etelka bai san girkin mutum biyu ba. Duk yadda ta ƙanƙanta, sai ya ishi mutum ashirin. Makwabta suka murmure, karen gidan gaba ya yi ƙiba har ya daina haushi. Gidan kuwa daga safe zuwa yamma cike yake da tururi da ƙaurin soyayyen kitse, har labulen ɗakin Kalman ya ɗauka. Shi kuma idan ta kawo masa, sai ya karɓi cokali biyu don kada ta ji haushi, ya juya fuska bango.

Duk Litinin wata nas mai suna Ildiko takan zo ta auna shi. A zuwanta na uku ta daɗe tana kallon ma'aunin, sannan ta ja Etelka zuwa bakin ƙofa.

"Inna Etelka, ki zauna mu yi magana."

"A tsaye nake jin magana, 'yata. Faɗi."

"Kilo biyar ya zube tun da ya dawo. Likita ya ce idan Litinin mai zuwa ya sake raguwa, sai an mayar da shi asibiti a sa masa roba ta hanci, a riƙa ba shi abinci ta nan."

Ƙofar ba a rufe take ba. Etelka ta waiga ta ga Kalman ya damƙe ƙarfen gado da hannun hagu, idonsa a kanta. Ta san ya ji, ta kuma san ya fi tsoron komawa can fiye da mutuwa. Tsoro ya kama ta ita ma, da kunya a kai. A ce a gidan Etelka ne mutum zai rame har a ciyar da shi ta hanci.

Ranar Laraba Hajnalka ta bugo waya. Etelka ta jero mata duk abin da ta dafa tun Litinin, kamar mai kare kanta a gaban alƙali.

"Mama, kin gwada yi masa abincin Asabar?"

"Mene ne kuma abincin Asabar?"

Hajnalka ta ce, "Naman alade da taliya mana. Wanda yake yi mana a tukunyar Gwaggo Ilonka."

"Ai ina barin muku abinci a firji kafin in fita."

"Kina bari, Mama, na mutum talatin. Muna ci Alhamis da Juma'a. Asabar ranar Baba ce."

"Me yake zubawa a ciki?"

"Nama, albasa, garin tattasai. Ya zuba ya rufe, shi ke nan."

"Shi ke nan ba girki ba ne, 'yata."

Ta san tukunyar. Yayar Kalman ce ta aiko da ita daga Kanada tun yaran na ƙanana: tukunyar lantarki mai dahuwa a hankali, cikinta tangaran, bayanta da zanen furanni ruwan lemo. Wutar can ba irin ta nan ba ce, don haka Kalman ya haɗa mata wani akwatin ƙarfe mai rage ƙarfin wuta, wanda ya fi tukunyar nauyi. Ranar da ta iso Etelka ta leƙa cikinta sau ɗaya, ta raɗa mata suna tukunyar ragwaye, ba ta sake bi ta kanta ba. Yanzu ta hau kujera da gwiwoyinta masu gardama ta sauko da ita daga saman kabad. Ba ƙura a murfin, kuma hannayen tukunyar sun goge saboda yawan riƙo.

Alhamis ta yi abincin. Naman alade da taliya ai ba abin da za a koya wa Etelka ba ne. Ta narka kitse, ta soya albasa a hankali har ta narke, ta sauke daga wuta kafin ta zuba garin tattasai don kada ya yi ɗaci, ta soya naman ya yi ja, sannan ta juye a tukunyar ragwaye don cika sharaɗi. Ta murza taliya da ƙwai shida, ta yanka da wuƙa. Abincin ya yi kyau, wannan ba gardama.

Kalman ya ga tukunyar idonsa ya ɗan buɗe. Ya karɓi cokali, ya tauna, ya haɗiye. Ya ture farantin.

"A'a."

Nan Etelka ta fashe. "A'a me? Kai tsoho, bishop guda ya ci girkina ya aiko a ƙara masa. Daga nan har gadar kogi babu gidan da ban ciyar ba. Me kake so in dafa maka, tsuntsun sama? So kake su zo su zura maka roba kamar ana ba fure ruwa?"

Ya bar ta ta gama. Sannan ya dafa ƙirjinsa da hannun hagu.

"Ni."

"Kai me? Kai za ka dafa? Da wane hannun?"

Ya nuna nata hannayen da haɓa.

Da wani ne ya faɗa mata haka, da ya ji abin da bai taɓa ji ba. Amma saura kwana huɗu Litinin. Juma'a da yamma ta je wajen mahauci ta ce a ba ta kafaɗar alade kilo ɗaya, da murya ƙasa-ƙasa.

"Kilo ɗaya, Inna Etelka? Kyanwa kika samu?"

"Yanka ka yi shiru. Na san ubanka tun yana sata a sikeli."

Asabar da ƙarfe takwas na safe ta turo Kalman a keken guragu har gaban teburin kicin. Ya miƙa hannu ya ɗauki muciya, ya riƙe ta kamar sandar malami. Etelka ta jawo kwanon kitse, muciya ta sauka a bayan hannunta. Ta ɗauko kaskon suya, ya girgiza kai. Ta fara yanka albasa ƙanana yadda ta saba, ya buga tebur, ya ɗaga yatsu huɗu.

"Gida huɗu? Ɗanya, ba suya? Kalman, da uwata na raye ta ga wannan, da ta ce a maido mata sunanta."

Ya nuna tukunya. Ta zuba. Albasa uku a ƙasa, naman a kai manya-manya ba tare da ya ga wuta ba, tafarnuwa uku da ya sa ta danne da gindin kofi, garin tattasai cokali biyu a barbaɗe haka kawai, tumatir ɗaya. Ta tsoma hannu a gwangwanin gishiri ta ciko tafi. Ya zuba mata ido har ta mayar da kusan duka. Da ta ɗauko tulun ruwa ya tsayar da ita a rabin kofi.

"Zai kama."

"A'a."

Ta rufe, ya nuna mata inda za ta murɗa. Gaba ɗaya aikin bai kai minti goma sha biyar ba. Etelka ta tsaya hannu a ƙugu tana kallon tukunyar, wadda ko motsi ba ta yi. Ba tafasa, ba tururi. Bayan minti biyar ta ɗaga murfi ta leƙa. Ya buga tebur. Ta goge tebur, ta wanke wuƙa, ta sake ɗagawa, wai don ta juya. A karo na uku ya buga muciyar har gwangwanin gishiri ya yi tsalle, sannan ya nuna rigunan sanyi da ke rataye, ya nuna ƙofa.

"Mu fita? Mu bar tukunya a kan wuta, ba kowa a gida?"

"Fita."

Tun dawowarsa daga asibiti bai taka waje ba. Etelka takan ce wa mutane shi ne ba ya so a ga bakinsa a karkace. Gaskiyar ita ce ba ta taɓa tambayarsa ba. Ta lulluɓe masa ƙafafu da bargo, ta sa masa hula, ta tura shi kan titi tana waiwayen gida kamar wadda ta bar jariri.

Shi ke nuna hanya. Suka wuce coci, suka wuce filin ƙwallo, suka hau tudun da aka yi don tare ambaliya, inda sai da ta tsaya sau biyu tana haki. Daga sama kogin ya bayyana, cike da ruwan bazara. A gangaren akwai rumfar kwalekwalen fito, da tsofaffi uku zaune da ƙugiyoyinsu a ruwa. Shekara saba'in Etelka na ƙauyen nan, amma rabonta da wannan wuri tun tana budurwa.

Wani tsoho mai gashin baki ya miƙe ya cire hula. Odon ne, wanda ya yi shekara talatin yana fito da mutane. "Jama'a, ga Kalman. Mun ce ko ka yi fushi da kifi ne. Kai, dubi yadda ka koma, sai ka ce sandar ƙugiya." Ya juyo. "A'a, yau har da matar Kalman? Sannu da zuwa. Ku matsa mata kujera."

Suka jera keken a rana kusa da ruwa. Odon ya sa wa Kalman sandar kamun kifi a hannun hagu ya tokare ta da gwiwarsa. Ba wanda ya yi masa maganar ciwo. Suka ci gaba da musun da suke yi kan wani kifi da aka kama tun kafin a haifi Tibor, wanda ke ƙara tsawo duk shekara. Etelka ta zauna a bakin kujera, jaka a cinya.

"Yau ya ɗora tukunya ke nan," in ji Odon.

"Ka san da ita?"

"Wa bai sani ba a nan? Duk Asabar yake zuwa da yaran nan biyu, ɗaya a gaban keke ɗaya a baya. Su yini a nan, ko burodi ba ya bari mu ba su, wai kada mu ɓata masa aiki. Yarinyar ta yi ta kukan yunwa, ya ce tukunya ba ta kira ba tukuna. Bayan sun girma ma bai fasa ba, shi kaɗai yake zuwa." Ya gyara ƙugiya. "Ke lokacin kina can kina ciyar da gunduma."

Ba da wata manufa ya faɗa ba, amma maganar ta zauna mata a ƙirji. Ta yi ta duba agogo. Sau biyu ta miƙe ta ce bari ta je ta leƙa ta dawo, sau biyu Kalman ya riƙe gefen rigarta. Wajen sha biyu ya yi barci a rana, bakinsa a buɗe, sandar na hannunsa. Da ya farka kuncinsa ya ɗan yi ja. Ruwa kawai ya sha. Ƙarfe biyu saura kaɗan ya dubi rana, ya ce, "Gida."

Etelka ta tura ƙofar gida da baya tana jawo keken, sai ƙamshin ya tare ta. Ta tsaya cak a zaure. Ita da ta ƙare rayuwarta a cikin tururi, ba ta taɓa shigowa daga iska da yunwa ta tarar da abinci yana jiranta ba. Kullum tana cikinsa tun yana ɗanye, kafin ya nuna hancinta ya toshe, ranta ya fita daga kansa. Sai ta tuna sati ukun da mijinta ya yi kwance a cikin ƙaurin suyarta tun asuba, ba iska, ba motsi. Cikinta ya yi ƙara. Na Kalman ma ya yi, suka dubi juna.

Naman ya saki ruwansa, albasar ta narke da kanta, romon ya yi ja ya yi kauri. Ta taɓa nama da cokali ya rabu. Ta jawo katakon murza taliya, Kalman ya nuna durowar ƙasa. Taliyar kanti ce a leda, faffaɗa, irin wadda Etelka ba ta yarda a gan ta da ita ba. Ya ɗora ledar a cinyarsa ya murƙushe ta da hannun hagu, ya miƙa mata. Ta juye a cikin romon ta rufe. Wannan karon ba ta ɗaga murfin ba sai da ya ce. Ta zuba kirim mai tsami cokali biyu a kai, ta zuba masa a faranti.

A ƙa'idar Etelka abincin yana da laifi wajen uku. Taliyar ta yi laushi da yawa, gishiri bai ji ba, kuma naman da ba a soya ba ai an san ba a soya ba. Ta buɗe baki za ta faɗa, sai ta ga cokali na uku ya wuce, na huɗu na tafe. Yana ci da hannun hagu, romo na zuba a haɓarsa, bai damu ba. Ta tsaya da tsumma a hannu, tana tsoron ko motsi ta yi ya daina. Ya share farantin ya turo mata.

"Ƙara."

Ta ƙara masa. Farin ciki ya cika ta, amma da wani ɗaci a ƙarƙashinsa. 'Ya'yanta da wannan suka girma, mijinta ya yi shekara talatin da wani abu yana yinsa a kicin ɗinta, ita kuwa sai yau ta san ɗanɗanonsa.

"Kai ma dai, tsoho," ta ce, tana goge masa haɓa da ɗan ƙarfi. "Duk shekarun nan ko sau ɗaya ba ka taɓa ajiye mini ba."

Ya ajiye cokali. Ya daɗe yana neman kalmomin, bakinsa na motsi.

"Na ajiye," ya ce. "Kullum. Firji. Ƙasa." Ya huta. "Ba ki buɗe ba."

"To, wa ke ci?"

"Ni. Litinin. Wurin aiki."

Ba da ƙorafi ya faɗa ba, ya ma koma kan abincinsa. Etelka ta ajiye tsumman. Ta share ido da bayan hannu, ta ɗauko faranti ta cika shi, ta jawo kujera kusa da kekensa ta zauna. Suka ci tare har ta kankare gindin tukunyar ta raba musu biyu.